Wandon Agwagwar Labaran Tela

Labaran tela haifaffen Tamawa ne, amma a Kurfi aka san shi. Shekara shida ya yi a Dutsin-Ma yana koyon ɗinki, sannan ya ɗoro keken ɗinkinsa a bayan jaki, ya zo ya kafa shi a zauren wani gida kusa da kasuwa, wajen shekarar 1953. Dogo ne siriri, ga tsabta har ta yi yawa. In zai zauna a tabarmar wani sai ya kakkaɓe ta sau biyu. Goro kuwa ba ya kai shi baki sai ya ɓare ya kai wajen haske ya duba. Duk wani abu mai mutsu-mutsu Labaran ba ya ƙaunar ganinsa. An ce wata rana gwazarma ta fito daga juji kusa da ƙafarsa, ya bar takalmi wari ɗaya a wurin, bai koma ɗauka ba.

Matarsa Zinariya ba haka take ba. Ƙuli-ƙuli take yi, tana kiwon kaji, kuma babu abin da hannunta ke ƙyama. Wata shekara gwaggonta, wadda ake kira Gogo, ta zo daga Dabawa ta kawo mata agwagwa fara mai baƙin kai. Labaran ya ce shi ba zai zauna gida ɗaya da tsuntsuwar da ke kalaci a kwatami ba. Zinariya ta ce kyautar Gogo ba a mayarwa, maganar ta tsaya nan. Ita kuwa agwagwar, duk gidan ba wanda ta ɗauka nata sai Labaran. Da hantsi sai ta fito zaure ta kwanta ƙarƙashin keken ɗinki, dab da ƙafarsa. Ya kore ta har ya gaji, ya koma ɗinki yana ɗage ƙafa ɗaya.

A daminar 1958 karen wasu mafarauta ya cafke agwagwar a gindin bindi. Ta ƙwace, gashi ya rufe ciwon, ba wanda ya lura. Bayan 'yan kwanaki ta daina cin dusa, wani wari kuma ya cika zauren. Labaran ya fara zargin kwatami, ya sa aka yashe shi. Ya koma kan daddawar maƙwabta. Daga nan ya soma kallon Rabe mahauci, wanda ke zuwa hira kullum da la'asar, har Rabe ya ji a jikinsa ya fara wanka kafin ya zo. Zinariya ce ta kama agwagwar ta ɗaga gashin.

“Malam, zo ka ga abin da ke wari.”

“Faɗa mani daga nan.”

“Tsutsa ce. Har sun kafa gari.”

Ya leƙa sau ɗaya, ya fita ya zauna bakin hanya. Ranar wasa-wasa ta dafa, bai iya ko kallon akushin ba.

Shawara ta yi yawa. Rabe ya ce maganin wannan ciwo yana cikin kubensa, kuma ba zai ɗauki lokaci ba. Zinariya ta aiko daga cikin gida cewa ya bar wuƙarsa inda take. Wani ya ce a zuba kananzir, ta ce naman zai ƙone. Wata tsohuwa maƙwabciyarsu, Hasana, ta kawo garin taba a ƙoƙo. Aka sa Labaran ya riƙe agwagwar, ya kau da fuska yana kallon katanga. Ana kawo ƙoƙon kusa ta buga fiffike, garin ya tashi, su ukun suka yi ta atishawa har hawaye. Tsutsotsin kuwa suka ƙara nutsawa ciki.

Washegari Zinariya ta ce ta ji akwai malamin dabbobi a Dutsin-Ma yana yi wa shanu allura, kuma ita ba ta hawa keke. Labaran ya ɗaure kwando a bayan kekensa na hawa, agwagwa a ciki kanta a waje, ƙudaje na biye da su har suka isa. Ya tarar da fili cike da Fulani da garkunansu, ya shiga layi tsakanin bijimai biyu da kwando a hannu. Wani dattijo mai suna Yero ya dube shi, ya dubi kwandon, ya tambaye shi cikin ladabi ko sauran garken na tafe a baya.

Malamin dabbobin, Malam Abdulƙadir, ya yi dariya har ya zauna a kan akwatin magani, amma bai kore shi ba. Ya duba ciwon, ya ce bai kai ciki ba, za ta tashi. Sai dai ya nuna yatsunsa masu kauri, ya ce waɗannan na shanu ne, aikin nan na mai siririn hannu ne. Ya sa aka kawo ruwan ɗumi da gishiri, ya miƙa wa Labaran matsefata, irin ta cire ƙaya. Labaran ya ce shi tela ne. Malamin ya ce ai shi ya sa.

Haka nan Labaran ya durƙusa. Ya zaro almakashinsa daga aljihu ya datse gashin da ke kewaye da ciwon, layi ɗaya ba karkata. Ya zuba ruwan gishiri, tsutsotsin suka fara leƙowa. Daga baya ya ce abin da ya cece shi kawai shi ne ya riƙa gaya wa kansa zare ne ya shiga inda bai kamata ba, warware shi yake yi. Ya runtse ido ɗaya, yana salati ƙasa-ƙasa, yana zarowa ɗaya bayan ɗaya. Fulanin suka bar shanu suka kewaye shi suna ƙirgawa da Fillanci. Arba'in da uku aka samu. Malam Abdulƙadir ya shafa mata wani shuɗin magani, ya ba shi sauran a kwalba. Ya ce a riƙa wankewa safe da yamma kwana huɗu, don akwai ƙananan da ido bai gani ba tukuna, a hana ta shiga ruwa, kuma ko ta halin ƙaƙa kada a bar ƙuda ya sake sauka a wurin.

Wannan na ƙarshen ne ya gagara. Aka kulle ta a ɗaki ta ɓata ɗakin. Aka kife ta da kwando ta yi ta huci tana dukansa har ya tuntsure. Labaran ya zauna yana kallonta, can ya tashi ya ɗauko ma'auninsa, ya ce Zinariya ta riƙe masa ita. Ya auna ƙugu, ya auna cinya, ya ɗinka mata wando har da mazagi. Abu ɗaya ya manta, bai bar ƙofa a baya ba. Kafin azahar agwagwar ta tuna masa, aka binne wandon a bayan gida.

Na biyun ya fito sosai: ya rufe ciwon, iska na shiga, ga ƙofa inda ya dace. Matsalar ƙyallen ne. Ragowar yadin Alhaji Atiku mai hatsi ne, mai ratsin kore da ja, wanda Alhaji ya sayo a Kano yana cewa kaf Kurfi ba mai irinsa. Ranar kasuwa Alhaji ya sa wandonsa sabo ya nufi rumfarsa. Mutum ne mai jiki, in yana tafiya sai ya karkata dama ya karkata hagu. Ya wuce ƙofar zauren Labaran da samfurin gero a ƙullin da ya huje, agwagwa ta ga tsaba na zuba ta bi shi. Haka suka ratsa kasuwa tun daga 'yan tukwane har 'yan hatsi, shi gaba ita baya, wando iri ɗaya, tafiya iri ɗaya. Mutane suna gaishe shi suna sunkuyar da kai, shi kuwa yana tsammanin yadin ne ya burge su, har ya waiwaya.

Da kansa ya rungumo ta ya kawo zaure, ya ajiye a kan teburin yanka.

“Malam Labaran, da ni da ita wa aka fara aunawa?”

“Kai ne, Alhaji. Ita ragowa ta samu.”

Alhaji ya dubi nasa wandon, ya dubi nata, ya ce, “To ai nata ya fi zama daidai.”

Shekara guda bai sake kawo ɗinki ba. Da ya dawo kuwa, sai ya zauna a yanka yadin a gabansa, ya tattara ƙyallayen har na ƙasa ya zuba a aljihu.

Agwagwar ta warke cikin mako uku, amma bayanta ya daɗe da shuɗi har sai da ta sake gashi. Da kaka ta ƙyanƙyashe 'ya'ya goma sha ɗaya. Labari ya bazu ƙauyuka, aka fara kawo wa Labaran jaki mai gyambo, tunkiyar da tsutsa ta kama a kunne, har da tolotolo. Kullum sai ya fara da cewa shi ba aikinsa ba ne, sannan ya aika ciki a ɗora ruwan ɗumi. Bai taɓa karɓar komai ba, sai dai mai dabba ya wanke zauren kafin ya tafi.

Sau ɗaya kawai aka san ya ƙi. A shekarar 1966, lokacin idonsa ya fara rauni, wani Buzu ya zo da raƙumi mai ciwo a tozo, ya ce an gaya masa nan ake cire tsutsa kuma a ɗinka sutura. Labaran ya fito ya ɗaga kai ya daɗe yana kallo. Ya ce tsutsar zai gwada in raƙumin ya yarda ya durƙusa, amma maganar sutura Buzun ya nufi Katsina, don yadin da ke Kurfi ba zai isa ba.