Gwajin da Kawu Ya Yi

A ɗakin gwajin kowa Kawu yake ce masa, har waɗanda suka girme shi, saboda babban injiniyan wurin ɗan yayarsa ne. Shekara ashirin da uku aikinsa ɗaya, auna ƙarfin 'yan injinan da ke tura ƙananan taurarin ɗan'adam, irin waɗanda ba su fi kwalin takalmi girma ba. Yakan ɗora injin a kan siririn ma'auni cikin tankin ƙarfe, a zuƙe iskar ciki tas, a kunna, sai a zuba wa allurar ma'aunin ido. Ƙarfin bai kai nauyin ƙuda ba, don haka ko tari ka yi sai ka sha harara.

Yana da wata ɗabi'a da ke ƙular da injiniyoyi. Ba ya yarda da sakamako sai ya sake gwajin da bututun gas a rufe, wutar lantarki kawai ke shiga. In allura ta motsa a haka, to ba injin ne ya motsa ta ba.

A sabon injin ɗan yayarsa kuwa, ta motsa. Zafin waya ne ke lanƙwasa ma'aunin. Kawu ya rubuta sakamakon a takarda, ya sami ɗan yayar tasa a ofis, ya tura ƙofa.

"Ɗana, rabin abin da muka gani zafi ne kawai. Kada ka aika wa masu tauraron da za su sayi injin sakamakon nan."

"Haba Kawu, jibi fa suke jira. Bar mini takardar, zan duba."

Ya bar masa. Yaron da ya koya wa riƙe sukurdireba, ina zai ce masa sai ya sa hannu ya karɓa?

Bayan wata huɗu masu tauraron suka gwada injin a wurinsu, suka samu rabin ƙarfin da aka ce musu yana da shi. Aka kira taro. Kawu na zaune a kujerar baya, kusa da na'urar sanyaya ɗaki, ɗan yayar tasa ya miƙe.

"Kuskuren daga awo ne," in ji shi. "Mai awonmu ya manyanta, wannan karon bai yi gwajin rufe bututu ba. Laifina ne da ban sa masa ido ba."

Ko kallon bayan ɗakin bai yi ba. Kawu ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi, kuma wallahi wannan "laifina ne" ya fi komai ƙona masa rai. Da an ce masa malalaci ne, da ya haɗiye. Amma abu ɗaya tak da aka san shi da shi, shi aka ce bai yi ba. Ya buɗe baki, ya tuna takardar guda ɗaya ce, kuma tana hannun yaron, ya rufe.

Aka karɓe makullin tankin, aka mayar da shi ɗakin ajiyar kaya.

Da la'asar yayarsa ta kira, muryarta cike da tausayi.

"Ya gaya mini komai, ƙanena. Tsufa ba abin kunya ba ne. Ka san shi ya tsaya kai da fata kada a sallame ka? Don Allah ka kira shi ka yi masa godiya."



"To, Yaya," ya ce. "Zan kira shi."