Takalmin Kakanmu a Ƙofar Ɗakin Bautar Hindu

Na daɗe a Dubai, bayana ma ya gaji da ɗaukar buhu a kasuwar Al Ras. Ban yi boko mai nisa ba. Abin da na fara sani game da Indiya, a bakin murhun Iya na ji shi, kakata ta wajen uba.

In an sauke tuwo ba ta kashe wuta. Sai mu kewaye ta, tana gasa mana gyaɗa a toka. Tatsuniya kullum ce, amma labarin kakanmu sai ta ga dama, kuma ba ta buɗe shi da gatanan. Cewa take yi wannan ya faru.

Turawa suka kwashe shi soja lokacin yaƙin Bama, aka sauke su a wani gari a Indiya. A garin akwai wani tsohon ɗakin bauta na 'yan Hindu. Nan masu ƙin mulkin Bature suke haɗuwa, a shiga kamar ibada, a fito da shawara. Rannan aka tsegunta cewa wasu samari da ake nema suna ciki, kuma duk wanda aka kama rataya ce. Bature ya tasa su kakanmu a gaba, ya ce su shiga su fito da su.

Kakanmu kofur ne, shi ne kan gaba. Yana isa ƙofa ya ga takalma a jere, kamar masallaci ranar Juma'a. Sai ya zauna a dakali ya fara kwance takalminsa na soja. Sauran ma suka zazzauna. Bature na ta ihu, kakanmu ya ce masa su a garinsu ba a taka wurin ibadar mutane da takalmi. Kafin su gama, samarin sun fice ta baya. Aka ƙwace masa muƙamin kofur ɗin, har ya rasu bai sake samu ba.

Na taɓa tambayarta ko da gangan ya yi.

"Kai, maigidan banza, ci gyaɗarka," in ji ta. "Ni dai duk zamana da shi ban taɓa ganin takalmi ya ba shi wahala ba."

Ina yaro haushi nake ji, so nake a ce kakanmu ya juya wa Baturen bindiga. Yanzu na sha zama ƙarƙashin masu ce min yalla yalla, wato yi sauri, bizata a hannunsu, na gane. Shi ma ba shi da bakin cewa a'a. Zaman nan da ya yi a dakali shi ne iyakar ƙarfinsa, kuma ya isa, tunda samarin sun kwana da ransu.