Ledar ganyen da Yaya Bello ya kawo daga Ƙonni

Assalamu alaikum. Wata takwas rabona da shafin nan. Masu tambaya ko Malama Hadiza ta yi fushi da su ne, ban yi ba, kwance nake. Yanzu na miƙe, kuma akwai abin da ke cina a rai.

Da ciwon ɓarin kai abin ya fara. Ina tsakiyar darasi a Islamiyyar gidanmu sai in ga wani ƙyalli a gefen ido, kafin a tashi rabin kaina kamar ana buga ƙusa. Ga amai, ga ƙin haske. Daga baya yatsuna suka riƙa kumbura da safe, alli ma ya gagare ni riƙewa.

A nan Illela na sha maganin maleriya har na gaji. Sai da aka tura ni babban asibiti a Sakkwato, aka ɗebi jinina kwalba-kwalba, sannan wata likita ta faɗi sunansa: lupus. Garkuwar jikina ce ta juyo tana yaƙata. Ta ce ba ya tafiya gaba ɗaya, amma yana kwantawa in an riƙe magani.

Na riƙe, na fara samun sauƙi. Sai Yaya Bello ya shigo cikin maganar.

Wana ne, shi ya riƙe mu tun rasuwar Baba. Kayan babur yake saye da sayarwa tsakanin nan da Ƙonni, can tsallaken iyaka, kuma tunda kayansa daga Sin suke zuwa, ya naɗa kansa jakadan ƙasar a gidanmu. Ya zo mini da leda cike da busasshen ganye da saiwoyi, da jan rubutun Sinanci a jiki. Ya buɗe waya ya nuna mini wani dogon rubutu na Turanci da aka turo masa.

"Kin gani? Malamman jami'a na sunka yi bincike. Ciwon kai da wanga ciwo naki duk suna ciki. Ki aje ƙwayoyin ga, ba a gama su da shi."

"Yaya, ka karanta?"

"Mi za ni karantawa? Ba ki ga tambarin jami'a ba?"

Haka na ajiye ƙwayoyina. Ni da nake hana ɗalibai karɓar hadisi sai sun san wanda ya ruwaito shi, na dafa ganyen da ban san ko sunansa ba na yi ta kurɓa safe da yamma. Dalili ɗaya ne, a gidanmu ƙanwa ba ta musu da wanta. Har yau in na tuna haushin kaina nake ji.

Bayan wata biyu ƙafafuna suka kumbura, takalmi ya ƙi shiga. Fitsari ya koma kumfa.

Yaya ya ɗauke ni zuwa Sakkwato. Kun san yadda muke yi, babba ya shiga ɗakin likita da kai, ya zauna a kujerar gaba, ya amsa tambayar da aka yi maka.

"Tana shan maganinta?" in ji likita.

"Tana sha."

"Akwai wani abu da take sha ban da shi?"

"Ba ta shan komi."

Likita ta duba takardar gwaji, ta juyo da kujerarta wajena. "Hadiza, ke nake tambaya. Ciwon ya taɓa ƙodarki. In kina shan maganin kuma haka ta faru, dole in canza miki wani mai ƙarfi da zai wahalar da ke. Ki gaya mini gaskiya."

Ina jin idon Yaya a kaina. Ban taɓa ƙaryata shi gaban baƙo ba. Amma ƙodar tawa ce. Na sa hannu cikin jaka na fito da ledar na ɗora a tebur, na gaya mata komai, har da rubutun wayar da ajiye ƙwayoyin.

Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce da gaske masana na bincike a kan irin waɗannan ganyayyaki, kuma ba ta raina shi. Sai dai mai bincike ya san sunan ganyensa, ya san awonsa, ya san wa ya ba. Ta ɗaga ledar. "Alhaji, wannan mene ne sunansa?"

Yaya ya juya ledar yana duban jan rubutun. Ta sake tambayarsa.

"Shi ne wanda ke cikin rubutun wayarka?"

"Mutumin da yas saishe ni a Ƙonni ya ce duk ɗaya na."

Ta ce ba za ta rantse ganyen ya yi ɓarna ba, tunda ba wanda ya san mene ne a ciki. Amma barin magani kam ya buɗe wa ciwon hanya.

Sati uku na yi a gado. Ƙarin ruwa, awon fitsari kullum, abinci ba gishiri. Duk lokacin da aka turo wani daga ɗakin wankin ƙoda sai in juya fuska bango, don tsoro nake ji ƙwarai. Allah Ya tsare, ban kai can ba. Yanzu kumburi ya saɓe, ciwon kan ya ragu, na koma aji.

Na gode wa Allah, na gode wa likitata da ma'aikatan jinya, da ku masu addu'a.

Shawarata, duk abin da kuke sha ku kai wa likita shi da ledarsa. Kada ku bar magani don an turo muku rubutu mai tambari. In kun raka mara lafiya, ku bar shi ya yi magana da bakinsa.

Yaya bai ce in yi haƙuri ba, kuma na san ba zai ce ba. Amma ran Litinin da muka koma ganin likita, da aka kira sunana ya miƙe kamar yadda ya saba, ya kai bakin ƙofa, sai ya tsaya. Ya miƙo mini katina.

"Shiga ke ɗai," ya ce. "Ina nan waje."