Kwana Ukun Yaya Sale

A wannan daminar shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Sale, wanda mutanen Birnin Gwari suka fi sani da Sale Mai Tausa. Zazzaɓi ne na 'yan kwanaki, sai ga shi mun wayi gari babu shi. Allah ya jiƙansa, ya kai haske kabarinsa.

Noma ne sana'arsa, amma duk yammar da ake ƙwallo a filin firamare za ka same shi a bakin layi da tabarma da gwangwanin man kaɗanya. Kafin a shiga fili yakan bi 'yan wasa ɗaya bayan ɗaya, yana murza musu cinya da sharaɓa da sauri-sauri, yana bubbugawa da gefen hannu har jiki ya ɗau ɗumi. In an tashi kuma sai hannun ya canza, ya riƙa bi a hankali daga ƙasa zuwa sama, don kada mutum ya wayi gari ƙafa ta sandare. Yakan ce ta kafin wasa tashin jiki ce, ta bayan wasa kuwa lallashi.

Abu ɗaya ne ba ya yi, ba ya tausa sabon targaɗe. Mu nan kowa ya san yadda aka saba. Da zarar ƙafa ta gurɗe sai a dafa ruwa, a gasa wurin da tsumma, a shafa man zafi, ƙarti biyu su danne mutum, na uku ya ja ƙafar har a ji ƙas. In babu ihu, a ce aikin bai yi ba. Yaya ya ƙi wannan. Shi ruwan randa yake tsoma tsumma a ciki, ya naɗe wurin, ya ɗora ƙafar a kan kifaffen turmi, ya ce a dawo bayan kwana uku, lokacin da kumburi ya fara sauka. In kuma mutum ya kasa taka ƙasa ko kaɗan, asibiti yake tura shi a ɗauki hoto. Har suna aka sa masa, Kwana Uku, ana kiransa da shi ana dariya.

Ni ma na yi dariyar. Ina da shekara ashirin, ni ne lamba bakwai na unguwarmu, saura kwana biyu mu buga da samarin Dogon Dawa, sai idon sawuna na hagu ya gurɗe. Na je wurinsa ina ɗingishi.

"Yaya, ka ja min ita kawai, jibi zan buga."

Ya duba, ya danna gefe da yatsa, ya ce, "Idi, jibi ba da kai ba."

"To ai ko baƙo kana yi wa, balle ni."

"Ko baƙo ba na yi wa wannan. Zauna a kawo ruwa."

Ban zauna ba. Na wuce bayan kasuwa wurin wani da ba zan ambaci sunansa ba, don shi ma abin da ya gada ya yi min. Aka gasa, aka ja, na yi ihun da ake so. Ran wasa na ɗaure ƙafar na shiga, ban kai hutun rabin lokaci ba na faɗi. Yaya ne ya goya ni ya fitar da ni daga fili. Wata uku yana zuwa ɗakina kullum da gwangwaninsa, yana bin sharaɓar a hankali, yana sa ni motsa yatsu, daga baya ya sa ni tsayuwa a kan ƙafa ɗaya. Ko sau ɗaya bai ce "ai na gaya maka" ba. Ya samo min tafiya, amma bai samo min ita daidai ba. Har yau da ƙafar dama kaɗai nake taka keken ɗinkina. A cikin watannin nan uku ne ya koya min aikin, da ƙafata muka yi karatun.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Man da yake amfani da shi Mama Saratu ce take haɗa masa a Kutemeshi, yanzu kuwa mata ba sa shiga daji tsintar kaɗanya yadda suka saba, kowa ya san dalili. Ƙungiyoyin ƙauye ba kasafai suke zuwa ba saboda hanya. Samari kuma sun samo sabuwar dabara, su haɗiye ƙwayar kashe ciwo su shiga fili da ƙafa a kumbure. Ina jin wannan ce za ta fi ɓata masa rai, don shi a wurinsa ciwo saƙo ne, sai an saurara.

Watan jiya abin ya dawo gidanmu. Nasiru, babban ɗan Yaya, shi ne mai cin ƙwallo a ƙungiyar unguwa. Saura kwana biyu wasan ƙarshe, kuma an ce wasu za su zo daga Kaduna duba 'yan wasa, sai aka kawo min shi a kan babur, idon sawu ya yi suntum. Kocinsu, Bulus, abokin Yaya ne tun suna yara, shi ya rako shi.

"Idi, ka taimaka," in ji Bulus. "Irin wannan dama ba ta zuwa Birnin Gwari sau biyu."

Nasiru ya ce, "Baba Idi, ko minti ashirin ne. Su dai gan ni."

Na ce, "Ni ma minti ashirin na nema."

Bulus ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya ce, "Kwana Uku ya tafi, ya bar mana Kwana Uku ƙarami."

Na ce a kawo ruwan randa, a kife turmi. Na kuma gaya wa Nasiru a gaban kocinsa cewa in ya wuce bayan kasuwa, ko ya nemi ƙwaya, da kaina zan je bakin fili in tsaya a gaban alƙalin wasa, in ɗaga wandona kowa ya ga ƙafata. Bai nemi ƙwayar ba. Bai kuma je bayan kasuwar ba.

Ba zan ɓoye yadda ta kaya ba. An ci su. Mutanen Kaduna sun zo sun tafi ba su ga Nasiru ba, kuma ban san ko za su sake dawowa ba. Akwai waɗanda har yanzu suke amsa gaisuwata a taƙaice. Shi kansa Nasiru sai rana ta huɗu ya shigo shagona, ya yi sallama, ya shimfiɗa tabarmar mahaifinsa, ya miƙe ƙafa. Na buɗe gwangwani, na fara daga sama, nesa da ciwon, kamar yadda aka yi min.

Yaya bai bar gida na bulo ba, bai bar suna a wata takarda ba. Hannu ya bari wanda ya san lokacin taɓawa, ya kuma san lokacin janyewa, ko da duk gari na kallo. Na yi niyyar riƙe wannan muddin ina iya zuwa bakin fili, a kira ni duk sunan da aka ga dama.

Ranar Juma'a muka je maƙabarta ni da Nasiru mu yi masa addu'a. An yi ruwa da safe, ƙasa ta yi laushi. Da muka juyo yana gaba ina baya, sai na duba sawunmu. Nawa na hagu yana jan ƙasa kamar kullum. Nasa biyun sun zauna daidai, babu wanda ya fi wani zurfi.