Kunyar Ɗan Fari

Ranar da na haifi ɗana na fari a gidanmu a Dangora, na zubar da jini har ungozoma ta daina magana. Na rayu dai, amma nono bai zo ba. Aka yi ta ɗura mini kunun kanwa, shiru. Ruwan wankan jego da ke sa mata ihu, ni ɗumi-ɗumi nake jin sa, in an gama kuma in nemi bargo, ana tsakiyar bazara.

Yayata tana da goyo a lokacin, ita ta karɓi shayar da shi.

In ya yi kuka ina ji, kamar yadda ake jin rediyon maƙwabta. Ban ƙi shi ba, ban dai ji komai ba ne. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta nuna tana son sa a gaban mutane, don haka masu zuwa barka yabo suka yi ta yi.

"Kun ga 'yar mutunci," in ji wata gwaggona. "Ko kallon sa ba ta yi."

Innata har wani daɗi take ji.

Na koma ɗakina a Tiga, yayata ta tafi da shi Burumburum sai an yaye. Maigidana zai dawo daga dam da kifi ya tarar da ni inda ya bar ni, da tsintsiya a hannu. Gashin girata ya kakkaɓe. Al'ada ba ta dawo ba, aka ce ciki ne ya kwanta. Sai da na yanke jiki na faɗi aka kai ni asibiti a Kano. Likita ta tambaya ko nono ya zo bayan haihuwa. Ta ce akwai wani ɗan abu a ƙasan ƙwaƙwalwa mai ba jiki umarni, jinin da na zubar ne ya lalata shi. Ta rubuta ƙwayoyi, kullum da safe, har ƙarshen rayuwa.

Da jikina ya fara dawowa, abin da na fara ji shi ne ina son ganin yaron. Muka je ni da Inna. Har ya iya magana. Ya laɓe bayan zanen yayata ya ce, "Umma, baƙuwa."

Na miƙa masa hannu biyu. Inna ta buge su.

"Ke, a gaban mutane? Da ba haka kike ba."

Na mai da hannuwana cikin mayafi, na zauna aka kawo mini ruwa.