Wadda Ta Motsa

Ƙarfe huɗu da kwata na yamma, a agogon Baba, 'yar'uwata ta ce kanta na sarawa. 'Yan biyu ne mu, shekararmu goma sha biyu, muna elementare a Haɗejiya. Muna tsaye jikin katangar zaure, zane iri ɗaya, kitso iri ɗaya, a gaban akwatin wani mai hoto da jirgin ƙasan Nguru ya sauke a Malam Madori. Baba malamin asibiti ne, shi ya kirawo shi, tsofaffin gida na ta gunaguni wai akwatin yana ɗauke kurwar mutum.

"Kada wadda ta motsa!" in ji mai hoton, ya cusa kansa cikin baƙin ƙyalle.

Ashe sanƙarau ne ya kama ta, a bazarar nan da kogi ya ja baya har laka tana tsagewa. Kwana uku ta yi ta rasu.

Sai bayan sadakar bakwai aka aiko da hoton daga Kano. Ta dama fuskarta ta fito tar. Ta hagu kuwa daga wuya zuwa sama kamar hayaƙi, saboda ta motsa. Inuwarmu a bango ta haɗe ta zama ɗaya.

Na tuna na waiga na dube ta. Na kuma tuna ta yi tangaɗi ta dafa ni. Gefen da na tsaya ne na kasa tunawa. Na shekara biyu ina zaro hoton daga adakar Inna, in duba ɗaurin zane, in duba yatsu ko zan ga tabon tawada. Har katangar nake komawa da la'asar in gwada inuwata. In mai fuskar ni ce, ba abin da ya rage mana nata. In ita ce, to ni ce hayaƙin.

Na tambayi Baba, ya ce shi agogo yake kallo. Inna ce kaɗai ba ta taɓa rikita mu ba, amma mu ne 'ya'yanta na fari, kunya ba ta barinta ta yi zancenmu. Sau uku ina tambayarta tana tashi ta bar wurin.

Ranar da zan tafi makarantar 'yan mata a Kano, na same ta tana tsince shinkafa, na ɗora mata hoton a cinya, na nuna mata mai fuskar.

"Inna, don Allah, wace ce wannan?"

Ta goge hannu a zane, ta daɗe tana kallo.

"Ni ma na duba har na gaji, ban gane ba," in ji ta. "Amma na bar mata fuskar. Ke ai kina da taki."