Dakan Geron Sadaka a Ƙofar Rini

Shekarar da damina ta gaza, Nasara ba su daɗe da zama a Sakkwato ba. Mutanen ƙauyukan wajen Wamakko suka riƙa shigowa birni da 'ya'yansu, suna zama a gindin ganuwa. Lokacin mijina ya rasu, ina zaune da yarana biyu, ina kaɗi ina sayar da zare.

Akwai wani dattijo mai fataucin hatsi a unguwarmu. Ya buɗe rumbunsa ɗaya, ya ce gero nasa ne, amma hannun daka sai dai unguwa ta kawo. Liman ya faɗa a masallaci, maza suka kai maganar gida. Ranar farko tsakar gidan dattijon ba wurin sa ƙafa, har ana rigimar taɓarya. Masu jakai suka ɗauki alkawarin ruwa da itace.

Mako bai cika ba aka fara zamewa. Wannan ɗanta ba lafiya, waccan ta yi baƙi. Sai kuma aka kwashe masu jakan zuwa aikin hanyar Nasara, ruwa ya dawo kanmu. Muka rage mu uku: ni, da wata tsohuwa mai ƙosai, da ƙanwar mijina. Mu surfa, mu daka, mu tankaɗe, mu dama kunu a manyan tukwane, sannan mu koma rijiya. Tafin hannuna ya fashe, zare ya daina biyuwa a yatsuna.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wata maƙwabciyata. Ba ta zuwa sai kunu ya nuna. Ta shigo da wankakken zane, ta ɗauki ludayi ta tsaya bakin zaure tana rabo, ana sa mata albarka. Mu muna ciki hayaƙi na cin idonmu.

Wata safiya wata mata daga cikin baƙin ƙauyen, da goyo a bayanta, ta leƙo ta ce in ba ta taɓarya. Ta ce a ƙauyensu ita ke yi wa gida guda daka, zaman jira ya ishe ta, kuma akwai irinta da yawa a waje. Na je na sami dattijon da murna. Ya saurare ni har na gama, sannan ya girgiza kai.

"Ɗiyata, wanda anka ba sadaka ba a sa shi aiki. In sunka daka, ya koma ƙwadago, ladata ta tafi."

Na ce, "Baba, to mu da hannuwanmu sunka mutu fa?"

Ya ce in yi haƙuri, Allah na gani. Na fito da haushi na koma bakin turmi.

Tsohuwa mai ƙosai ce ta kawo dabara. Muka riƙa ɗibar geron a ƙwarya muna kaiwa gidanta, matan ƙauye su shiga ta baya su daka, mu dawo da gari. Kunu ya ƙaru, har ana yi sau biyu a rana. Matar nan mai goyo ta fi kowa hannu, tana daka tana ba mu labarin gonar shinkafarsu da ta ƙone a fadama.

Maƙwabciyar tawa ce ta kai wa dattijon labari. Bai hana ba, don ya ga yawan baƙin da ke jira, amma daga ranar ko na gaishe shi sai ya amsa da ƙyar. Haka muka yi har ruwa ya sauka, baƙi suka koma shuka.

Da aka taru yin addu'a, liman ya ambaci dattijo, ya ambaci 'yan uwansa, ya ce Allah ya saka wa duk wanda ya taimaka. Muna jiyowa daga bayan danga muna kankare tukwane. Tsohuwa ta ce amin da ƙarfi. Ni ma na ce, amma sai da ta taɓa ni.